Aikatau ɗin "dar": Hausa ce gajeriyar hanya zuwa Sifaniyanci

Matashin Batsari ko Safana da ke bin wasannin Real Madrid da Barcelona, idan sha'awar koyon Sifaniyanci ta kama shi, darasin da zai tarar a waya galibi da Turanci aka tsara shi. A ganina wannan doguwar hanya ce, kuma aikatau ɗin "dar", wato bayarwa, ya isa hujja.

A lokaci mai ci, siffofinsa shida ne: doy (ina bayarwa), das (kana ko kina bayarwa), da (yana ko tana), damos (muna), dais (kuna), dan (suna). Hausa na nuna mai aikin a gaban aikatau, Sifaniyanci kuwa a ƙarshensa yake nunawa, shi ya sa ba a buƙatar ƙara "yo" (ni) kafin a ce doy. Wannan doy ita kaɗai ta kauce wa tsarin, ta bi sahun soy da voy da estoy. Ita kuwa dais a Sifaniya ake jin ta. A Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka "ustedes dan" ake cewa.

Dangantakar Hausa da Sifaniyanci ta fi fitowa wajen amfani. Mutumin Madrid kan ce "me da miedo", Bahaushe ya ce "yana ba ni tsoro". "Me da risa" shi ne "yana ba ni dariya", "me da vergüenza" kuma "yana ba ni kunya". Mai magana da Turanci kan nemi wani aikatau dabam a irin waɗannan wurare, ɗalibi ya yi ta haddar abin da tun yana goye ya iya. Abin lura kawai shi ne wakilin suna na zuwa gaba: "te doy agua", ina ba ka ruwa, ko ina ba ki, domin "te" ba ta bambanta namiji da mace.

Wani zai ce yankin da 'yan bindigar dajin Rugu suka hana yara da dama zuwa makaranta, ina ruwansa da harshen Turai? Gaskiya ne tsaro da karatun firamare su ne gaba. Sai dai Sifaniyanci harshen uwa ne ga mutane kusan miliyan 500, kuma harshen hukuma ne a Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyarmu ta teku. Darasin ma ya wuce Sifaniyanci: yaron da aka koya wa nahawun harshensa da kyau zai fi saurin kama kowane baƙon harshe. Malamanmu su fara daga Hausar da ɗalibi ya zo aji da ita.