Wutar lantarki: bayanan da ke bin layi daga ƙasa zuwa ƙasa

Babban kaso na wutar da ake kunnawa a Maraɗi da Damagaram daga Najeriya take zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa. Ta Yamai kuma tana biyowa ta Birnin Kebbi. Sai dai ba wuta kaɗai ke tsallaka iyaka ba, dole bayanai su bi ta.

Dalili kuwa, lantarki ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu. Abin da tashoshi suka samar, nan take ake amfani da shi. Idan buƙata ta zarce abin da ake samarwa, bugun wutar da ya kamata ya tsaya a kan hertz 50 sai ya faɗi, na'urorin kariya su katse layi, gari ya shiga duhu. Shi ya sa ma'aikatan NIGELEC da takwarorinsu na maƙwabta ke buƙatar sanin abin da ke shiga da abin da ke fita a kowane lokaci.

Domin haɗa layukan yankin ne ƙungiyar CEDEAO ta kafa tsarin EEEOA a 1999. A watan Nuwamban 2023 aka buɗe cibiyarsa ta tattara bayanai a Abomey-Calavi, kusa da Kotonu, da tallafin Tarayyar Turai. Cibiyoyin kula da wuta na ƙasashe suna aika mata alƙaluman layukansu, ita kuma tana ganin yankin gaba ɗaya. Hakan na rage gardama wajen biyan kuɗi, tunda mai saye da mai sayarwa lissafi ɗaya suke kallo.

Amma hanyar da bayanai ke bi, ɓarawo ma na iya bin ta. A Disamban 2015, masu kutse sun shiga kwamfutocin kamfanonin rarraba wuta a Yukiren, suka kashe wa gidaje da ma'aikatu sama da 200,000 wuta na sa'o'i. Don haka ake raba irin wannan hanya da intanet na kowa da kowa, a ɓoye saƙonni da lambobin sirri, a ƙayyade wanda ke da izinin taɓa layi.

Akwai kuma abin da na'ura ba ta magancewa. Yanke wutar da Najeriya ta yi wa Nijar a watan Agustan 2023, wadda ba ta dawo ba sai Maris 2024, shawarar siyasa ce. Musayar bayanai na aiki ne muddin gwamnatoci na mutunta yarjejeniyar da suka sa wa hannu.