Jar giyar inabi da zuciya: ina gaskiya, ina ƙari?

An daɗe ana tura wa juna wani saƙo a wayoyi a nan Abuja, wai kofi ɗaya na jar giyar inabi kullum yana wanke jijiyoyin jini, yana hana ciwon zuciya. Wasu har sun mai da shi hujjar larura: ai magani ne, ba shaye-shaye ba.

Zancen ba daga sama ya faɗo ba. A 1992 wani masani Bafaranshe, Serge Renaud, ya wallafa a mujallar Lancet cewa Faransawa na cin maiƙo sosai amma ciwon zuciya bai cika kashe su ba, ya kuma jingina abin ga giyar da suke sha. Daga nan hankali ya koma kan folifenol, wato sinadaran da tsirrai ke yi don kare kansu, musamman resberatirol da ke cikin ɓawon inabi. Akwai shi a giyar, wannan gaskiya ne. Sai dai ɗan mitsitsi ne. Wanda ke son ya kamo adadin da ake ɗura wa ɓeraye a ɗakin gwaji sai ya sha ɗaruruwan kofuna a yini.

Da aka zo kan mutane sai labari ya sha bamban. A 2014 an fitar da sakamakon bin diddigin tsofaffi 783 na yankin Kiyanti a Italiya, ƙasar inabi kenan, tsawon shekara 9. Masu resberatirol da yawa a jiki ba su fi sauran tsawon rai ko lafiyar zuciya ba. Tsofaffin alƙaluman ma akwai lauje cikin naɗi: an riƙa lissafa waɗanda ciwo ya sa suka daina sha cikin marasa sha, sai masu sha kaɗan suka zama kamar su ne lafiyayyu. A 2022 Tarayyar Ƙungiyoyin Zuciya ta Duniya ta ce babu adadin barasa da ke amfanar zuciya, a 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin da ba ya cutarwa. Barasa na ɗaga hawan jini, tana rikita bugun zuciya.

Abin dariyar shi ne, wanda ya fi hujja yana nan jibge a buhuna a kasuwar Wuse da Utako, ana kawo shi daga Jigawa da Kano: zoɓo. Jan launinsa ma dangin folifenol ne. A wani gwaji na Jami'ar Tufts ta Amurka a 2010, mutum 65 masu ɗan hawan jini aka raba biyu. Waɗanda suka sha kofi 3 na zoɓo kullum har mako 6, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 7, sauran kuwa da kusan 1.

Amma a kula, nasu ba irin na gora mai sanyi ba ne, wanda aka zabga wa sukari har ya zama kamar zuma. Haka kwalaben ruwan inabi marar barasa da ake fasawa a wuraren biki, yawancinsu sukari ne da iska. Maki 7 kuma ba ya maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta. Mai shan maganin hawan jini da ke son ƙara zoɓo kullum, ya fara gaya wa likitansa, don kada su haɗu su saukar da jinin fiye da kima.