Gidan Wasan Kwamfuta A Walia: Jarin Yana Ga Uwar Garke

Unguwar Walia da ke gunduma ta 9 a Njamena tana kan hanyar gadar Ngeli, inda fatake ke tsallakawa zuwa Kuseri ta ƙasar Kamaru. Ɗan kasuwar da ke bin wannan hanya, kuma yake tunanin buɗe wa ɗansa gidan wasan kwamfuta, sau da yawa tsadar intanet ce ke karya masa gwiwa. Mutanen Chadi ma ba su manta da yadda aka toshe shafukan sada zumunta daga watan Maris na 2018 zuwa Yulin 2019 ba. To amma wannan sana'a tana iya tafiya ko da babu intanet kullum.

Dabarar ita ce a ware kwamfuta guda ta zama uwar garke, wato wadda ke riƙe da wasan, sauran su haɗu da ita ta wayoyin sadarwa a ɗaki ɗaya. Mu ɗauki wasan Counter-Strike 1.6, wanda kamfanin Valve na Amurka ya fitar a 2003, kuma ko tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa. Da farko za a sauko da manhajar uwar garkensa mai suna HLDS ta hanyar SteamCMD, kyauta. Sauko da manhajar zai ci data, sayen wasan da sauko da shi a sauran kwamfutocin kuma zai ci kuɗi da data. Sannan a ba uwar garken lambar adireshi wadda ba ta canjawa, domin sauran su riƙa samun ta ta ƙofa mai lamba 27015.

Bayan haka sai a ɗora manhajar kula da wasa, kamar AMX Mod X. Da ita mai gida zai canja filin wasa, ya kori mai maguɗi ko mai zagi ba tare da cacar baki ba. Sai dai kalmar sirrin kamar makullin shago take, wanda ya ba yaran gari ita ya ba da shagon.

Abin da ya fi kashe jarin shi ne wuta, zafi da ruwa. In uwar garke ta mutu, wasan kowa ya tsaya, don haka a fara saya mata batirin ajiyar wuta ko sola kafin a ƙara kujeru. A watan Afrilu zafin Njamena kan wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Sannan Walia tana tsakanin kogin Shari da Logon, kuma ambaliyar 2022 ta raba dubban mazaunanta da gidajensu. Saboda haka a ɗora na'urar a kan kanta mai tsayi, a kuma ajiye kwafin saitinta a filashi a gida.

Abu na ƙarshe, Alhaji, a hana 'yan makaranta shiga lokacin karatu, a rufe lokacin sallah. In iyayen unguwa suka juya wa gidan baya, babu manhajar da za ta cece shi.