Idan Mariƙin Batir Ya Ƙi Fita Daga Kyamara

Ya ku ɗalibai da iyaye, akwai wata 'yar matsala da nake yawan gani a hannun masu ɗaukar hoto, musamman a ƙarshen zango lokacin da kowa ke shirin bikin yaye ɗalibai. Mutum ya sayi mariƙin batir ya ɗaura a gindin kyamara, ranar da ya so cire shi sai ya ƙi fita. Da yawa kan ɗauko wuƙa ko filaya a fusace, su lalata kyamara mai tsada saboda wani abu da bai kai rabin rabin kuɗinta ba. Na ga ya dace in yi bayanin yadda abin yake da yadda ake bi da shi.

Mariƙin batir wani ɗan akwati ne da ake ɗaurawa a ƙasan manyan kyamarori. Yana ɗaukar ƙarin batir don kada caji ya ƙare ana tsakar taro, kuma yana da maɓallin ɗaukar hoto na biyu domin hoton tsaye. Abin da ke riƙe shi noti ne guda ɗaya, wanda ke shiga ramin da ake ɗaura kyamara a kan sanda mai ƙafa uku. Kaurin notin rubu'in inci ne, da zare 20 a kowane inci, kuma kusan duk kyamarorin duniya wannan ma'auni suke amfani da shi. Hannu ba ya kaiwa ga notin, don yana can ciki. Abin da ake murzawa wata 'yar taya ce da ta leƙo waje. A mariƙai da dama, tsakanin tayar da notin akwai ƙananan fayafayai masu haƙora, kuma sau da yawa na roba ne. Idan aka ɗaure da ƙarfin tsiya, haƙoran su kakkarye, sai taya ta riƙa juyawa noti yana nan daram.

Kafin komai, ku san irin mariƙin da ke hannunku. Na Canon, kamar BG-E8 da ake sa wa 550D da 600D da 700D, yana da wani dogon wuya da ke shiga ɗakin batir bayan an cire murfinsa. Wasu na Nikon, kamar MB-D10 na D300 da D700, ba su da wannan wuyan, kuma batir ɗaya yana zama a cikin kyamarar, ba a iya fito da shi sai an cire mariƙin. Dukansu suna da 'yan ƙusoshi da ke shiga gindin kyamara don hana su karkacewa. Shi ya sa bai kamata a kama mariƙin gaba ɗaya a murɗa shi kamar murfin kwalba ba. Wuyan ko ƙusoshin za su karye a ciki, gyara ya koma na kyamara.

Abu na biyu, ku kwantar da hankali. Maƙalewar mariƙi ba ta hana kyamara aiki. In gobe akwai taro, ku yi cajin batirin da ke cikin mariƙin, ku ɗauki hotunanku, ku bar gyara sai an watse. Gaggawa ce ke jawo yawancin ɓarna.

Idan kun zauna gyara, ku kashe kyamara, ku zare batiran mariƙin, ku cire katin ajiyar hotuna ku kwafe abin da ke ciki a kwamfuta. Ku cire gilashin gaba ku rufe bakin kyamarar da murfinsa saboda ƙura, sa'annan ku shimfiɗa tawul a tebur ku kife ta a kai. Daga nan sai ku taɓa tayar ku ji halinta, domin maganin ya danganta da abin da kuka ji.

In tayar ta ƙi motsi ne kwata-kwata, alama ce mai kyau: haƙoran ba su karye ba, ɗauri ne ya yi yawa ko ƙura ta shiga. Mu da ke Riyad mun san yadda guguwar yashi take. Ku share gefen tayar da busasshen buroshin haƙori. Ku duba kibiyar da aka zana kusa da ita don ku tabbatar da ɓangaren kwancewa. Sai ku matse mariƙin da kyamarar a haɗe da hannu ɗaya, wannan yana rage wa notin nauyi, ku kama tayar ta gaba da baya da yatsu biyu ku murza a hankali. Ɗan yankin roba ko safar hannu ta roba na hana santsi. Kada ku fesa man sassauta noti irin na makanikai, domin yana bin ramuka ya shiga kan wayoyi.

In tana juyawa tana ƙaras-ƙaras, wato tana kamawa tana saki, wasu haƙoran ne suka karye wasu na nan. Ku daina murzawa da sauri, kowane zagaye yana ƙara cinye saura. Ku juya sannu a hankali har ku ji wurin da ta kama, ku danna tayar ciki, ku matsa kaɗan. Noti in ya motsa ko da ƙiris ne, sauran ya zo da sauƙi.

In kuwa tana juyawa sakaka babu ko tirjiya, babu dabarar waje da za ta yi aiki. Dole a buɗe mariƙin a kai ga notin. Wannan aikin manya ne. Ɗalibi ya kira mahaifinsa ko yayansa, shi ya riƙe fitila ya kuma ɗauki hoton kowane mataki da waya don a san mazaunin kowane abu. Ana ɗaga robar da aka manna a gindin mariƙin, a ƙarƙashinta akwai ƙananan notina, wasu kuma suna cikin ɗakin batir. Notinan kayan Japan suna da tsaga irin ta JIS, wadda ta ɗan bambanta da ta sukudireba mai kan giciye da muka saba, don haka a nemi wadda ta zauna daidai, in ba haka ba kan notin ya cinye. A ɗaga murfin a hankali saboda siraran wayoyin da ke haɗe da shi. Idan faifan da ke kan babban notin ya bayyana, sai a kama shi da filaya mai tsinin baki a juya saɓanin tafiyar hannun agogo. Ramin noti da kuke gani a gindin mariƙin daban ne, na sanda mai ƙafa uku ne, cusa masa ƙarfe ba ya kwance komai.

Iyaka ɗaya nake so ku kiyaye: mariƙi ake buɗewa, ba kyamara ba. Kyamarar da ke da fitilar walƙiya tana da wani ɗan kaya a ciki da ke tara wuta kusan bolt 300, kuma yana iya riƙe ta bayan an cire batir. Haka nan in kun ga batir ya kumbura ko yana zafi, ku tsaya nan take, kada ku soke shi da komai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda bai da kayan aiki ya nufi masu gyara. A Batha akwai shagunan kayan lantarki birjik, kuma tun da jirgin ƙasa na cikin gari ya fara aiki a Disambar 2024, zuwa ya yi sauƙi ta shuɗin layi. Ku guji yammacin Juma'a, lokacin da kasuwar ke cika maƙil. Ku tambayi mai shago ko ya taɓa yin irin wannan aikin, ku yi ciniki kafin ya fara, ku gaya masa ƙarara cewa in ta kama ya fasa mariƙin amma kada ya taɓa gindin kyamara. Na taɓa ganin kyamarar da wani mai gyaran waya ya ɓanɓare wa mariƙi da sukudireba, ramin notin ya fito tare da shi, ba ta sake hawa sanda ba. In kyamarar ko mariƙin sabo ne, ku fara duba takardar garanti da rasit, abin da ake kira fatura a nan, domin buɗewa da kanku na iya soke garantin. Mai sayarwa in ya ƙi sauraron ku, Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar koke ta lamba 1900.

Rigakafi ya fi magani. Ku ɗaure tayar da yatsu kawai, da ta tsaya ku tsaya. Ku riƙa kwance mariƙin lokaci-lokaci kuna share shi. Kada ku bar kyamara cikin mota da rani, lokacin da zafin Riyad ke haura digiri 40, domin zafi na cutar da roba da batir duka. In za ku sayi mariƙi, musamman na hannu irin na Haraj bin Ƙasim, ku ɗaura ku kwance sau uku a gaban mai kaya, ku saurari tayar da kyau. Araha ba ta ado. Kuma murfin ɗakin batir da kuka cire, ku ajiye shi a gurbin da aka yi masa a jikin mariƙin, don ranar da mariƙin ya fita za ku neme shi.