Yatsu Uku a Kan Fiyano

Duk wanda ya taɓa leƙa sutudiyon waƙa a Kano ya ga mai kiɗa zaune gaban fiyano, hannun hagu ya dafe maɓallai uku, na dama yana ta yawo. Waɗannan ukun da ake dannawa lokaci guda su ake kira kod, kuma a kansu muryar mawaƙi take hawa.

Sabon shiga yakan tsorata da yawan maɓallan. Cikakken fiyano, jikan wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙera a Italiya wajen shekarar 1700, yana da 88, farare 52 da baƙaƙe 36. Irin na lantarki da aka saba gani a sutudiyo yawanci 61 gare shi. Amma sautuka 12 ne kacal suke ta maimaita kansu. Baƙaƙen a jere suke, biyu sannan uku, kuma farin da ke hagu da biyun nan shi ne C. Daga nan ake fara lissafi.

A nan jadawalin kod yake shigowa: takarda ce mai zanen maɓallai, an ɗiga alama a kan waɗanda za a danna. Mai koyo ya jingina ta a gabansa, ya ɗora babban yatsan hannun dama a C, na tsakiya a E, ƙarami a G. Ga C manja ta fito, wasai da ita. Ya matsa zuwa A, C da E, sai sautin ya yi sanyi kamar mai jimami. Wannan ita ce A maina.

Sai dai jadawali kan zama tarko ga wanda ya tsaya haddar zane kawai, alhali dokar da ke bayansa ba ta da wuya. Daga maɓallin farko a ƙirga taki huɗu, har da baƙaƙe, a ƙara uku, an sami manja. In aka juya, uku sannan huɗu, maina ke nan. Wanda ya riƙe wannan zai fitar da kod 24 da kansa ko takardar ta ɓata.

Kuma ba sai an tara da yawa ake jin daɗin kiɗa ba. C, G, A maina da F sun ɗauki waƙar Let It Be ta ƙungiyar Beatles, ta shekarar 1970, haka ma No Woman, No Cry ta Bob Marley.

Wahalar tana wajen sauyawa daga wannan kod zuwa waccan ba tare da kiɗan ya yanke ba. Makaɗa kan juya jerin: maimakon F, A, C sai su danna C, F, A, babban yatsa ya zauna a inda yake, sauran biyun su gusa kaɗan. Mai koyo ya fara da wannan sauyin, daga C zuwa F, a hankali, yana ƙirga huɗu-huɗu, har hannunsa ya daina jiran ido.