Ranar da Darcy Ya Tsayar da Gemu

Yau mun leƙa tsofaffin littattafan soyayya na Turawa, waɗanda marubutan zamani ke ta sauya wa riga da hula.

Wanda ya fi shan wannan ɗinki shi ne Pride and Prejudice, da ya fito a Ingila a 1813 babu ko sunan marubuciyar a bango, kuma fam 110 kacal ta karɓa ta sallama shi. Yanzu da ya tsufa ya zama na kowa, masu fim da masu littafi sai ɗiba suke yi. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

A Ayesha at Last na 2018, an kai labarin cikin Musulmin Toronto ta Kanada, jarumin asalin labarin, Darcy mai ɗagawa, ya koma Khalid, ustazu mai gemu da farar jallabiya, wanda ya kafe sai wadda mahaifiyarsa ta zaɓa masa zai aura. Haka ya ce, kafin Ayesha ta gifta.

Unmarriageable na 2019 kuwa Pakistan ya sauka da 'yan mata 'yan gida ɗaya biyar cif, kamar a asalin labarin. Dokar gadon Ingila da ta hana su gidan ubansu ba ta da mazauni a can, sai aka sa ɗan'uwan uban ya damfare shi. Dangi ke nan, ba sa neman biza.

Masu son fim ɗin Indiya, ga naku: Bride and Prejudice na 2004 ya zauna a Amritsar, aka rage 'yan matan suka koma huɗu. Ƙanwar da ta kunyata gida da waƙa a asalin labarin, a nan rawar maciji ta tashi ta kwasa a gaban baƙi, tana fasa kai tana kai musu sara. Surukai sun ga ta kansu.

A Pride na 2018, gidan su Darcy attajirai ne baƙar fata da suka tare a wata unguwar talakawa a Brooklyn, suka gyara kangon da ke kallon gidan su Zuri, jarumar labarin. Soyayya a gefe, fargabar tashin kuɗin haya a gefe.

Wani na 2019 ya juya zanen gaba ɗaya: macen ce likitar ƙwaƙwalwa 'yar gidan sarauta mai ji da kai, namijin kuma mai dafa abinci. An rama wa kura aniyarta.

Shi Heathcliff na Wuthering Heights, tun 1847 littafin ya ce yaro ne mai duhun fata da aka tsinta a titin Liverpool, amma sai a fim ɗin 2011 aka ba baƙar fata rawar. Karatun masu fim da nawa yake.

Matar da aka kulle a saman bene a Jane Eyre, aka ce mahaukaciya ce, ta samu bakin magana a 1966 cikin Wide Sargasso Sea, ta ba da labarinta tun daga ƙuruciyarta a Jamaika. Ashe uwargida ma da nata bayanin.

A 2009 har gawarwaki masu tashi daga kabari aka zuba a labarin su Darcy, 'yan matan suka ɗauki takobi. Wannan kam ba da mu ba.

Marubutanmu na soyayya, saura ku. Uwa mai 'yan mata biyar da saurayi mai kuɗi mai hura hanci ba su yi wuyar samu a Kano ba.