Wanda Ya Tashi Daga Ciwo Ya Ce Zai Bar Aiki, Ana Iya Hana Shi?

Mu ɗauka wani akawu ne ciwo ya kwantar da shi, ya yi kwanaki a asibiti, albashinsa kuwa bai tsaya ba. Da Allah ya ba shi sauƙi ya ga jikinsa ba zai ƙara ɗaukar wahalar ofis ba, sai ya rubuta takardar barin aiki ya miƙa. Shugabansa ya duba, ya mayar masa da ita, ya ce ba a karɓa ba, ai ba a biya mutum yana kwance sa'an nan ya warke ya gudu. To, shugaban nan yana da ikon yin haka? Amsa ita ce ba shi da shi. Amma fa akwai sharuɗɗan da ya wajaba akawun ya cika.

Tushen maganar shi ne, aiki yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu, ba bauta ba ce. Tun ran 17 ga Oktoba 1960 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1930 wadda ta hana aikin tilas. Tsarin Mulki na 1999 kuma, a sashi na 34, ya ce kada a tilasta wa kowa yin aiki. Wanda aka ce lalle sai ya zauna a kujerar da ya ce ya bari, ai tilas aka yi masa. Soja da ɗan sanda suna cikin waɗanda sashin ya keɓe, don nasu sha'anin yana da doka dabam.

Alƙalai ma sun daɗe da yanke wannan gardama. A 1960 Kotun Ƙoli ta Tarayya a Ikko ta yi shari'ar Benson da Onitiri, wadda ta taso a kan takardar murabus da Benson ya bayar daga wata hukumar gwamnati. Babban Joji Sir Adetokunbo Ademola ya bayyana cewa ikon yin murabus cikakke ne, wanda aka kai wa takarda ba shi da zaɓin ƙin ta. A 2001 Kotun Ƙoli ta sake bin wannan hanya cikin shari'ar Yesufu da Gwamnan Jihar Edo. Watau abin da ake bukata shi ne takarda ta isa hannun ma'aikata, ba sai an rubuto an ce an yarda ba.

Saura maganar ciwo. Shin kuɗin da aka biya mutum yana kwance ya zama bashi a kansa? Dokar Ƙwadago, wadda aka kafa a 1974, ta ce a sashi na 16 ma'aikaci yana da hakkin a biya shi har kwana 12 na aiki cikin shekara idan ciwo ya hana shi zuwa, muddin likita mai rajista ya ba da shaida, kuma ya yarda likitan ma'aikata ya duba shi in an nemi haka. Abin da doka ta ba mutum hakkinsa ne, ba rance ba ne. Idan ma'aikata ta yi masa alheri ta biya fiye da haka, to, ya cancanci ya gode, amma alheri ba ya zama igiya. Sai fa in da ma an rubuta cikin takardar ɗaukarsa cewa zai mayar da wani abu. Ko a nan ma kuɗi za a bi shi, ba za a tsare shi a bakin aiki ba.

Sharaɗi na farko a kan ma'aikaci shi ne notis. Sashi na 11 ya tsara shi haka: wanda bai wuce wata 3 ba a bakin aiki, kwana 1; wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 1; daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2; shekara 5 ko fiye, wata 1. Notis na mako 1 ko fiye dole ya zama a rubuce. Wanda jikinsa ba zai iya jira ba yana iya biyan albashin kwanakin a maimakon notis. Idan takardar ɗaukar mutum ta faɗi wa'adin da ya fi wannan tsawo, ita zai bi.

A nan sai malaman makaranta su lura. Dokar Ƙwadago ta shafi masu aikin hannu da masu aikin akawu ne, ta fitar da masu riƙe da mulkin ofis da masu aikin ƙwarewa. Saboda haka malami ko babban ma'aikaci ya fara duba takardar ɗaukarsa da ƙa'idodin aikin gwamnatin da yake yi wa aiki, can zai ga nasa wa'adi. Ikon barin aiki dai ɗaya ne ga kowa.

Sharaɗi na biyu shi ne sauke amana. Mabuɗai, da littattafan kuɗi, da rajistar yara, duk a miƙa su a karɓi shaida. Rancen albashi a biya. Wanda aka tura kos bisa alkawarin zai dawo ya yi shekaru kaza, ya sani za a nemi kuɗin da aka kashe masa. Wanda kuwa ake bincike a kan kuɗin da suka ɓace a hannunsa, barin aiki ba ya wanke shi.

Wanda aka mayar wa takardarsa kada ya yi fushi ya ɗauke ƙafa kawai, gama za a rubuta shi cikin waɗanda suka gudu, a kore shi, sunansa ya ɓaci. Ya rubuta kofi biyu da kwanan wata, ya sa a sa masa hannu a ɗaya, in an ƙi ya aika ta gidan waya da rajista ya adana rasit. Ya cika kwanakinsa, ya tafi. Idan an riƙe masa hakki, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya danƙa wa irin waɗannan ƙararraki.

Amma kafin ya sa alƙalami ya yi tunani ƙwarai. Takardar da ba a iya ƙi, ba a kuma iya janye ta sai da yardar ma'aikata. Barin aiki da ritaya saboda rashin lafiya ba ɗaya ba ne: dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda likita ya tabbatar ba zai iya aiki ba ya taɓa ajiyarsa tun bai kai shekara 50 ba. Idan kuma a bakin aiki ya sami ciwon, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadar masa hakki. Mai ciwo ya tambayi waɗannan tukuna, kada gajiyar kwana biyu ta sa ya zubar da wahalar shekaru.

Shugabanni kuma su tuna, wanda zuciyarsa ta riga ta bar ofis ba shi da amfani a kujera. Gara a yi rabuwar arziki. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.